Ƙwallon dabino biyar: yadda ɗan ƙanwata ya sake koyon ud a Gadarif

Ɗan ƙanwata ya iso Gadarif, a gabashin Sudan, a watan Disamba na 2023, lokacin da yaƙi ya ci Wad Madani, da kaya kala biyu a leda da ud naɗe cikin zanen gado. Uwarsa ta ɗauko tukunya da takardun gida, shi kuwa molon Larabawa ya ɗauko. Ban ce masa komai ba ranar, don wanda ya sha tafiyar kilomita fiye da 200 a bayan babbar mota ba a tarbarsa da faɗa. Shekarunsa goma sha tara, kuma ya shekara guda cur yana fama da abin nan shi kaɗai, waya ce malamarsa.

Ni malamin makaranta ne, ban iya kiɗa ba, ko tafi aka sa ni nakan ɓata wa mutane. Amma a lokacin makarantu a rufe suke, azuzuwanmu cike da waɗanda yaƙi ya koro, ba ni da aikin yi sai kallo. Sai na riƙa rubuta abin da nake gani a bayan wata tsohuwar rajista. Daga cikinta na tsamo wannan.

Abin da ya zo da shi

Ga wanda bai san ud ba: ƙoƙonsa kamar an raba babban gora biyu, da siraran katako ake harhaɗa shi, wuyansa gajere, kansa ya karye baya. Tsirkiya goma sha ɗaya gare shi, biyar tagwaye, ɗaya mai kauri ita kaɗai. Ana kaɗa shi da risha, wato gashin tsuntsu, don da gashin mikiya ake yi a da, yanzu kuwa roba ce. Inda ya bambanta da jita shi ne wuyansa sumul yake, babu ƙarafunan nan da ke nuna wa yatsa inda zai sauka. Kamar gurmi, kunne ne ke jan ragama.

Yaron yana zama da shi awa huɗu kullum. Da na tambaye shi dalili, ya ce ya gani a intanet cewa sai an yi awa dubu goma ake ƙwarewa, ya yi lissafi ya ga awa huɗu a rana za ta kai shi cikin shekara bakwai ba kaɗan. Maganar tana da asali. Anders Ericsson da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 1993 kan ɗaliban gogen Turawa a Barlin, suka tarar waɗanda suka fi gwaninta sun tara kimanin awa 10,000 kafin su cika shekara ashirin. Sai dai abin da suka ƙirga zaman gyara ne, wanda mutum ke tunkarar abin da ya gagare shi. Wannan ɓangaren bai iso wayar yaron ba.

Ga yadda zamansa yake. Akwai wani dogon kiɗan buɗe waƙa na marigayi Muhammad al-Amin, ɗan Madani da aka haifa a 1943 ya rasu a Amurka a Nuwamban 2023, wanda ko gwanaye suna jin nauyin hannunsa a ud. Shi yaron ya sa wa rai. Zai fara daga farko da saurin da ya ji a waya, ya yi ta tafiya lafiya har ya iso wani wuri da ake saukowa da gudu daga tsirkiyar sama, ya yi tuntuɓe, ya yi tsaki, ya koma farko. Wata yamma na zauna ina ƙirgawa a ɓoye. Sau goma sha huɗu ya fara, sau goma sha huɗu ya faɗi a rami guda. Farkon kiɗan ya sha maimaici har ya yi santsi, wurin da ke ciwon kuwa ko sau ɗaya bai tsaya a kansa ba. Ga wuyan hannunsa na dama yana masa zogi da dare, yana ɓoyewa.

Ubansa tela ne, mutum mai zafin addini, kuma gida ɗaya muke cunkushe mu goma sha uku. Ya ce roƙo ba sana'ar gidansu ba ce. Na kawo masa zancen A'isha al-Fallatiya, 'yar mutanenmu, wadda ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a Rediyon Omdurman a 1942, 'yar'uwarta Jidawiyya kuma tana kaɗa ud. Ya dube ni ya ce, "Malam, ai ita ma ubanta bai so ba." Gaskiyarsa. Muka rabu a kan sharaɗi biyu: ba a cikin gida ba, ba kuma lokacin salla ba.

Minti biyu a hannun Ustaz

A wurin mai shayi na haɗu da dattijon da kowa ke kira Ustaz. Haifaffen Mai Wurno ne, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903. Can ya yi karatun allo, daga baya ya yi shekaru yana kiɗan biki a Madani. Ya fito bai ɗauko ud ko ɗaya ba. Ga mai ud ba malami, ga malami ba ud. Aka shirya kayan kiɗan ya zauna a hannun Ustaz, a harabar makarantar da yake kwana, wasu samari biyu su ma su riƙa taɓawa. Wannan ya biya sharaɗin uban, ya kuma yanke awa huɗun yaron ya mayar da su zama biyu na minti ashirin ashirin, ɗaya da hantsi, ɗaya bayan la'asar.

Ranar farko bai bar shi ya yi minti biyu ba ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin.

"Ajiye risha. Rera min da baki."

Yaron ya rera farkon tsaf. Da ya iso wurin tuntuɓen sai muryarsa ta koma gunguni, ya haɗiye sauti uku ko huɗu ya tsallake.

"To ka ji, ɗana. Yatsunka ka daɗe kana zagi, alhali kunnenka ne bai kawo musu saƙo ba."

Aibu na biyu ya fi ba ni sha'awa, don na iya auna shi da abin awon aji. Kiɗan Sudan a kan tsani mai hawa biyar yake tafiya, sullam khumasi, kamar yawancin waƙoƙinmu na gargajiya: do, re, mi, sol, la. Bidiyoyin da yaron ya koya da su kuwa na Masar da Sham ne, inda ake fara wa ɗalibi da maƙamai, wato tsanukan kiɗan Larabawa, irin su rast da bayati, masu wani sauti da ke tsakanin hawa biyu, wanda suke kira sika. A tsirkiyar re, mai tsawon kimanin santimita 61, cikakken mi yana wajen santimita shida da rabi daga kan wuya, sika kuwa wajen biyar. Tazarar faɗin yatsa ce. Hannun yaron ya saba da sauka a wurin sika, don haka duk waƙar Omdurman da ya kaɗa sai ta fito da ƙamshin Alƙahira, shi kuma ba ya ji. Shekara guda yana dasa wannan, awa huɗu kullum.

Na uku, ya damƙe risha kamar mai riƙe wuƙar fawa, yana sara daga gwiwar hannu, kusan duk bugun ƙasa. Makaɗa suna cewa sadd da radd, bugun ƙasa da na sama, kuma daga wuyan hannu suke fitowa a sake. Tushen zogin ke nan.

Allo

Ustaz bai san sunan Ericsson ba, abin da ya sani allo ne. Ya ce a khalwa, wato makarantar allo, ba a yi wa yaro ƙari sai ya biya abin da ke allonsa ba gargada, sannan a wanke a rubuta sabo, kuma ba a barin tishe, wato komawa kan na baya. Kada wani ya ce na haɗa karatu mai tsarki da kiɗa, hanyar koyarwar kawai nake nufi, kuma shi kansa Ustaz sai da ya yi istigfari kafin ya kawo misalin.

Allon yaron na makon farko sauti bakwai ne, daidai wurin da yake faɗuwa. Zai rera su da baki har sai Ustaz ya gyaɗa kai, sannan ya ɗauki ud. Kafin ya taɓa mi, zai kaɗa tsirkiyar la a sake, ya bar ta tana amo, ya sauke yatsa a hankali yana matsawa har sautukan biyu su daina karo su kwanta da juna. Na ga fuskarsa ranar da ya fara jin wannan da kansa. Ya ɗago ya ce, "Kawu, ashe tun da can a karkace nake?" Mako biyu Ustaz ya yarda a ɗiga alli a wurin, daga nan ya goge da babban yatsa ya ce ido ya gama aikinsa.

Sai ƙwallayen dabino. Ustaz yana da biyar a aljihun jallabiya, sun yi baƙi sun yi sheƙi don shafa. Zai jera su a tabarma ta hagun yaron. In ya kaɗa jimlar daidai, ƙwallo ɗaya ya ƙaura dama. In ya sake daidai, na biyu ya bi. In ya yi kuskure a na huɗu, duka su koma hagu. Ba a ƙara sauri sai biyar ɗin sun taru a dama, in kuma sun koma hagu sau biyu a jere, a rage sauri, ko a raba jimlar biyu. Saurin farkon kuwa abin dariya ne: tafi ɗaya, sauti ɗaya, tsakaninsu har ka iya kurɓar shayi. Abin da na lura shi ne ƙwallo na biyar ya fi kowanne wuya. Yaron yakan riƙe numfashi, kafaɗarsa ta ɗaga, hannun ya sandare. Ustaz ya ce da gangan ne, wannan fargabar ita ce ƙanwar wadda zai ji a gaban jama'a, gara su saba tun yanzu.

Wannan ya tuna min da wani bincike da Robert Duke da abokan aikinsa biyu suka wallafa a 2009 a Jami'ar Texas da ke Austin. Sun ba masu kaɗa fiyano goma sha bakwai wani ɗan guntun kiɗa mai wuya, kowa ya yi bita iya son ransa, washegari aka gwada su. Tsawon lokacin da mutum ya ɗauka bai nuna matsayinsa ba. Ukun da suka fi kowa sun yi tarayya a yadda suke yi da kuskure: su gano daidai inda yake, su sassauta gudu kafin su iso shi, su maimaita har gyaran ya zauna. Da na ba Ustaz labari ya ce Allah Ya yi musu albarka, amma da sun tambaye shi da ya rage musu wahala.

Tawaye

A mako na uku yaron ya zo min da dare ransa a ɓace.

"Kawu, wannan tsohon ɓata min lokaci yake. A Madani ina kaɗa waƙa shida. Yanzu sauti bakwai nake ta tauna kamar akuya."

Ban ga laifinsa ba. Hanyar tana da gundura, kuma tana ƙwace wa mutum abin da ya ja shi ga kiɗan tun farko. Ɗaya daga cikin samari biyun nan a wannan gaɓar ya daina zuwa, bai kuma dawo ba. Na ba yaron labarin ma'aikatan gidan waya na Ingila da Baddeley da Longman suka yi nazari a kansu a 1978, lokacin da ake koya musu buga keken rubutu. An kasa su rukuni-rukuni, wasu awa ɗaya a rana, wasu har awa huɗu. Masu awa ɗaya su suka iya da mafi ƙarancin awoyi, kuma su ne suka fi kowa ƙorafi da tsarin. Bai gamsu ba. Abin da ya tsayar da shi waya ce.

Tun ranar farko na ɗauki sautinsa, Ustaz kuma ya sa a riƙa ɗaukar minti ɗaya a ƙarshen kowane zaman la'asar, amma ba a saurara sai washegari da hantsi. Dalilinsa, mai kiɗa yana jin abin da yake nufi ne, ba ya jin abin da ya fito, sai ya kwana ya manta niyyarsa. Na kunna masa na ranar farko da na jiya a jere. Ya saurara, ya ce a sake. Bai ce komai ba, amma da hantsi ya riga ni fita.

Na kai ƙorafinsa wurin Ustaz duk da haka, don ina ganin yana da rabin gaskiya. Aka ƙara masa minti goma a ƙarshen zaman yamma ya kaɗa abin da ransa ke so, ba ƙwallo ba gyara. A ganina da an yi haka tun farko da wancan saurayin bai gudu ba, kuma na faɗa wa Ustaz. Ya ce mai yiwuwa.

Wani abin da ya riƙa maimaituwa a rajistata: jimlar da ta ƙi da la'asar, ƙwallaye suna ta komawa hagu, sai ta zo da sauƙi da hantsi ba tare da an taɓa ud a tsakani ba. Matthew Walker da abokan aikinsa sun nuna irin wannan a Harvard a 2002, inda masu koyon wani jerin bugun yatsu suka ƙara sauri da kimanin kashi 20 cikin ɗari bayan barcin dare. Ustaz cewa yake hannu ma yana tilawa cikin barci.

Damina da kakar riɗi

Da damina ta sauka, ud ya shiga nasa halin. Maɗauran tsirkiyarsa na katako ne, a rani su saki, a damina su kumbura su cije. Maganinsu alli da busasshen sabulu, allin yana riƙewa, sabulun yana sa su juya. Alli dai ba ya yi wa malamin makaranta wuya. Ustaz ya mayar da saita tsirkiya, dozan a bakinsu, darasi na kansa: yaron zai saita da kunne tukuna, sannan ya duba manhajar waya ya ga inda ya kauce.

Kan manhajar ƙirga bugu kuwa sun yi saɓani. Yaron ya sauke ta, Ustaz ya ƙi jininta, ya ce kiɗan tum-tum da na mardum rawa ce, agogo bai iya rawa ba. Na goyi bayan yaron a nan, don na lura tafin Ustaz yana tausaya masa, in ya iso wuri mai wuya sai tafin ya ɗan jira shi. Na'ura ba ta jira, ita ta tona cewa yana gudu a wuri mai sauƙi yana jan ƙafa a mai wuya. Amma da ya yi mako guda da ita kaɗai sai kiɗan ya bushe kamar faretin soja. Aka tsaya a kan na'ura wajen ƙwallaye, in jimla ta nuna sai a kira wata yarinya a harabar ta buga musu daluka, gangar matan Sudan.

Tishe ranar Alhamis ake yi. Ustaz zai kira tsofaffin jimloli a hargitse, ta wata uku da suka wuce, ta jiya, ta makon farko, kowacce sau ɗaya tak. Yaron ya tsani Alhamis, don ranar ce yake jin kamar bai iya komai ba.

A watan Oktoba aka shiga yankan riɗi. Gadarif ƙasar riɗi da dawa ce, riɗi kuma ba ya jira, in ya bushe a tsaye sai kwanson ya fashe ya zube. Gidan na bukatar kuɗi, yaron ya bi 'yan ƙwadago gona mako uku. Ustaz ya fafe masa wani guntun katako daidai tsawon wuyan ud, ba tsirkiya ba komai, ya ce kowane dare ya rera jimlolinsa yana taka yatsu a kai, yana jin sautin a ka. An gwada irin wannan: a 1995 Alvaro Pascual-Leone ya sa wasu bitar fiyano da hannu, wasu da tunani kawai, awa biyu kullum har kwana biyar, aka ga canji iri ɗaya a ɓangaren ƙwaƙwalwa mai sarrafa yatsu, ko da yake masu taɓawa da hannu sun fi iyawa. Abin da ya dawo da shi ya yi daidai da haka. Hannun hagu bai manta komai ba, mi tana wurinta. Hannun dama kuwa lauje ya mayar da shi gidan jiya, ya dawo da kanta a tafi yana damƙar risha kamar da. Sai da aka yi kwana goma ana sadd da radd a tsirkiya guda kafin ya saki.

Inda aka tsaya

Wajen ƙarshen 2024 aka yi suna a unguwarmu, Ustaz ya rera waƙa uku, yaron ya raka shi da ud. Ya kuskure sau ɗaya a ta biyu, na ga kafaɗar ta ɗaga, amma bai koma farko ba, ya bi daluka ya kamo su a gaba. Ubansa bai zo ba. Washegari dai na ga ya ɗinka wa ud riga da ragowar yadin labule, har da zif, ya ba uwar ta miƙa.

Ba zan ce ƙwallayen dabino ne suka yi duka ba. Mutum ɗaya ne, kuma abubuwa da yawa sun canja a lokaci guda: ya samu malami mai kunne, ya samu barci, hannunsa ya huta. Shekarar da ya yi shi kaɗai ma ba ta tafi a banza ba, ita ta ba shi ƙarfin yatsu da waƙoƙi cike da kai, shi ya sa ya wuce ɗayan saurayin da ya fara daga babu, alhali tabarma ɗaya suke zama. Kuma har yanzu rash, wato karkarwar risha mai sauri da ake jan dogon sauti da ita, ba ta zauna masa ba, tana fita da gargada. Kiɗan Muhammad al-Amin da ya sa wa rai ya kai kusan rabinsa.

Bayan sojoji sun koma Madani a Janairun 2025, Ustaz ya yi 'yan watanni yana jiran hanya ta lafa, sannan ya tafi duba abin da ya rage na gidansa. Ya mayar wa yaron ud ɗinsa, ya tafi da ƙwallayensa, ya ce kowa ya ci nasa dabinon. Yanzu kayan kiɗan yana shagon wani maƙwabci, ba mai raba shi da shi, kuma na zuba ido in ga ko awa huɗun za su dawo. Da yamma yakan zarce, ya yi awa biyu yana yawo cikin waƙoƙi, wani lokaci har da tsohon halin komawa farko. Da hantsi kuwa minti ashirin ne, da murafun kwalba biyar a kan benci. Makon jiya siririyar tsirkiyar do ta tsinke, babu irinta a kasuwa, ya ɗaura zaren kamun kifi ya aika wa Ustaz sautin ta WhatsApp. Amsar ta zo bayan kwana biyu, daƙiƙa tara: zaren ya yi, amma la ɗinsa ta fara hawa, ya koma ya gwada ta da tsirkiyar sake.